Puebla ko Oaxaca: wanne zaka zaɓa in kwanakinka kaɗan ne a Meksiko?

Wani ƙanina da ke karatu a Texas ya kira ni wancan satin, wai Yaya na samu hutu kuma akwai ɗan canji a aljihu, ina so in leƙa Meksiko in ga tsofaffin garuruwan nan da Sifaniyawa suka gina, amma kwana huɗu kacal gare ni, Puebla zan je ko Oaxaca? Muka kwashe kusan awa guda ina ta zuba masa har netwok ya raba mu, shine nace bari dai in zauna in rubuta gaba ɗaya, in wani ma ya tambaya sai in tura masa kawai in huta. Na je duka biyun, Puebla na yi kwana uku, Oaxaca biyar. Kafin komai, sunan nan na biyu Wahaka ake faɗinsa, ni sai da na tsaya gaban mai sayar da tikiti ina ta cewa Okzaka yana kallona kamar na zo da sabon yare kafin wata dattijuwa a bayana ta gyara min.

Duka biyun UNESCO ta sa su cikin wuraren tarihi na duniya a shekara guda, 1987, duka biyun kuma an shata su a ƙarni na 16 da tituna miƙaƙƙu da babban fili a tsakiya wanda suke ce wa zócalo, coci a gefe, ofishin hukuma a gefe. In a hoto ka gansu zaka ce ai duk kanwar ja ce. Amma a ƙasa ba haka bane. Abin kallon Puebla a tattare yake wuri guda kuma yawancinsa a cikin ɗaki, sai ka tura ƙofa ka shiga sannan bakinka zai buɗe. Na Oaxaca kuwa rabi ne a cikin gari, ɗaya rabin, wanda ma ya fi, yana warwatse a kan duwatsu da ƙauyukan da ke kewaye, sai da mota sai da lokaci. Kusan duk abin da zan faɗa a ƙasa daga nan ya taso.

Mu fara da hanya tunda ita ke cin kwana. Daga birnin Meksiko zuwa Puebla wajen kilomita 130 ne, kamar Kano zuwa Zariya ko ma ƙasa da haka, awa biyu a bas in ba cunkoso. Akwai bas ɗin kamfanin ADO akwai na Estrella Roja, har daga filin jirgi ma kana iya hawa kai tsaye ba sai ka shiga cikin birni ba. Oaxaca kuwa wajen kilomita 460 ne, ka ɗauka Kano zuwa Abuja, awa shida zuwa bakwai, kuma ƙarshen hanyar duk kwana-kwana ce a cikin duwatsu, mai amai a mota ya shirya ledarsa. Jirgi awa ɗaya ne amma kuɗi ya ƙaru kenan. Toh kaga mai kwana huɗu in ya zaɓi Oaxaca a bas, zuwa da dawowa sun cinye masa kusan kwana biyu tun bai ga komai ba.

Puebla gari ne da Sifaniyawa suka kafa daga tushe a 1531, a kan hanyar da ta taso daga tashar ruwa ta Veracruz zuwa babban birni, wato zango ne na fatake da kaya, kuma kuɗin da suka ratsa ta nan suna nan manne a bango har yau. Tsofaffin gine-ginen da aka ƙidaya a tsakiyar garin sun haura 2,600. In ka tsaya a zócalo babban cocin ne zai fara tare maka ido, baƙi-baƙin dutse ba fara'a, da hasumiya biyu masu tsawon wajen mita 70. An fara shi a 1575, aikin ya yi ta jan ƙafa har sai da wani bishop mai suna Juan de Palafox ya zo ya matsa aka buɗe a 1649. Mutanen garin suna da labarin wai babbar ƙararrawar ta gagari kowa ɗagawa sai mala'iku ne suka ɗora ta cikin dare, kowane ɗan rakiya sai ya baka wannan labarin, in ka ji sau uku zaka haddace.

Ni dai ba cocin bane ya kama ni, abin da ke bayansa ne. Ka zagaya ta titin 5 Oriente ka hau bene, akwai laburaren da wannan Palafox ɗin ya kafa a 1646 da littattafansa na kansa guda 5,000, da sharaɗin duk mai son karatu a bar shi ya shiga ba sai malaman coci kaɗai ba, shi yasa ake ce masa laburaren jama'a na farko a nahiyar. Yanzu littattafan sun haura 45,000. Ɗaki ne guda ɗaya dogo, kantoci hawa uku na katako da aka sassaƙa, ƙasan jan bulo da ƙananan tayil da sawun mutane ya lotsa, ga wani ƙamshi na tsohon itace da tsohuwar takarda, irin wanda zaka ji in an buɗe adakar littattafan wani tsohon malami a zaure. Akwai wata na'ura ta katako kamar babbar taya da ake jera littattafai da yawa a buɗe, mai karatu yana juyawa yana duba wannan yana duba wancan ba tare da ya tashi ba. Ba a taɓa littafi, igiya aka ja, minti ashirin ya isa ka gama, amma ni na fi awa ina tsaye har mai gadi ya fara min kallon lafiya dai ko.

Daga nan tafiyar minti goma a ƙafa sai cocin Santo Domingo, a cikinsa ta hagu akwai wani ɗakin ibada mai suna Capilla del Rosario da aka gama a 1690. Wannan kam gani ya kori ji. Tun daga inda hannunka ke kaiwa har ƙololuwar ƙubba an lulluɓe da zinare a kan ado na filasta, ganye, inabi, tsuntsaye, fuskoki, ba inda ido zai huta, kuma da yake haske na shigowa ta tagogin ƙubbar in ka je da hantsi sai ka ga ɗakin kamar yana ci da wuta. Ina tsaye ina ta lissafin bayi da talakawa nawa suka mutu a ramin haƙar ma'adinai kafin a tara wannan, amma ƙarya nake in nace bai burge ni ba.

Abin da zai fi jan hankalin namu kuwa ina ga tayil ne. Bangon gidajen Puebla jan bulo ne haɗe da tayil shuɗi da fari da rawaya, ƙubbobi ma haka suna ta ƙyalli a rana, kuma duk wanda ya taɓa ganin hoton gine-ginen Maroko zai ji kamar ya san wannan hannun. Ai kuwa ya sani. Sana'ar nan da suke kira talavera daga Sifen ta zo, Sifen kuma ta gaje ta daga Musulmin Andalus, kalmar da suke kiran tayil ɗin ma, azulejo, asalinta Larabci ne. Akwai masana'antar Uriarte da ke aiki tun 1824, da hannu ake zanen kowane faranti. In kana son ganin tayil a inda ya fi kyau ka shiga kicin ɗin tsohon gidan zuhudu na Santa Rosa, tun daga murhu har rufi duk shi ne. A kasuwar El Parián zaka ga kaya masu arha ana ce maka talavera ne, yawanci kwaikwayo ne, na gasken ana sa masa hannu da sunan masana'anta a gindi kuma farashinsa ba na wasa bane.

Sauran zan bi da sauri. Titin 6 Oriente duk shagunan alawa ne, wadda suka fi ji da ita ta dankalin Hausa ce ake ce mata camote, a nan kuma gidan su Aquiles Serdán yake inda aka yi musayar wuta da 'yan sanda a 18 ga Nuwamba 1910, farkon juyin juya halin ƙasar, hujojin harsashi na nan a bango ba a toshe ba. Santa Mónica gidan mata masu zuhudu ne da suka ci gaba da zama a ɓoye bayan gwamnati ta haramta irin gidajen a ƙarni na 19, ba a bankaɗo su ba sai 1934. Gidan tarihi na Amparo ka hau rufinsa da la'asar ka ga ƙubbobin garin. Sai ganuwar Loreto da Guadalupe a kan tudu, inda Janar Ignacio Zaragoza ya kori sojan Faransa a 5 ga Mayu 1862, bayan Shugaba Benito Juárez ya dakatar da biyan bashin ƙasashen Turai sun zo karɓa da bindiga. Wannan ne Cinco de Mayo ɗin da ake ta shagali a Amurka. Abin da ba a cika faɗa ba shine Faransawan sun dawo a 1863 suka yi wa garin ƙawanya wata biyu suka ci shi. A wannan yaƙin ne ma Masar ta ba Faransa aron wata bataliya ta sojojin Sudan suka yi aiki a yankin Veracruz, kaga inda rabo ke kai mutum. Ganuwar kanta dai ƙanana ce, in lokaci ya ƙure maka tsallake ta ba asara.

Duk abin da na lissafa in ka cire ganuwar, da ƙafa zaka yi shi, cikin kwana ɗaya da rabi. Sai dai lambar titunansu sai ka nutsu, arewa da zócalo 2, 4, 6 suke tafiya, kudu kuma 3, 5, 7, ni na ɗauka bayan 4 sai 5, na yi ta bulayi da jaka a kafaɗa ina neman masauki ashe yana can ɗaya ɓangaren garin.

Fita guda ɗaya ce ta zama dole daga Puebla, Cholula, kuma bai fi rabin awa ba. Zaka hango wani tudu mai ciyawa da coci mai launin rawaya a kansa, toh ba tudu bane, dala ce da mutane suka gina da tubalin ƙasa hawa kan hawa tsawon ƙarnuka, gindinta ya kai mita 400 kowane gefe, ba ta kai babbar dalar Giza ta Masar tsawo ba amma ta fi ta cika. Masu binciken tarihi sun haƙa ramuka na wajen kilomita 8 a cikinta, wani lokaci ana buɗe wani sashe a shiga wani lokaci a rufe, kar ka ɗora tafiyarka a kan wannan. A garin nan ne Hernán Cortés, jagoran mayaƙan Sifen da suka ci ƙasar, ya yi kisan kiyashi a 1519. Ka hau da sassafe kafin gajimare ya taru, dutsen Popocatépetl mai aman wuta yana bayan cocin yana fitar da hayaƙi a hankali kamar an rufe tukunya. Hawan da wuya fa, Puebla tana sama da mita 2,100 daga teku, Jos ma da muke ce wa tudu wajen 1,200 ce, don haka in ka ji kana haki ba tsufa bane. In ka sauko kuma kar ka tafi baka shiga Capilla Real da ke harabar San Gabriel ba. Ɗaki ne mai faɗi, ginshiƙai a jere sahu-sahu, bakuna, da ƙubbobi 49 a sama, ina shiga wallahi saura kaɗan in cire takalmi, tsarin masallaci ne sak, ana ma kwatanta shi da babban masallacin Kurɗuba.

Toh ga magana ta biyu da zata raba gardama ga wasu. Puebla garin coci ne. Kusan duk abin da ya sa aka san ta yana cikin majami'a ko gidan zuhudu. Na san a cikinmu akwai wanda shiga ya kalli gini ba komai bane a wajensa, akwai 'yan uwa Kirista da wannan ma shine abin da zai kai su, akwai kuma wanda zuciyarsa ba zata kwanta ba, kowa da fahimtarsa ni ba fatawa na zo bayarwa ba. Amma in kai na ukun ne ka sani rabin Puebla ya tafi, abin da ya rage maka laburare, tayil, gidajen tarihi da dala. A Oaxaca kuwa ko baka taka coci ko ɗaya ba zaka cika kwana biyar baka gama ba.

Oaxaca ƙarama ce a kan Puebla nesa ba kusa ba. Puebla babban birni ne na masana'antu, har kamfanin Volkswagen na da katafariyar ma'aikata a gefenta, akwai cunkoso da hayaniya da zarar ka fita daga tsakiya. Oaxaca kuwa a kwance take, gine-ginenta gajeru masu kaurin bango saboda girgizar ƙasa ta sha rusa su, ta 1931 ma ta yi mata mummunar ɓarna. Da wani dutse mai ɗan kore-kore suke gini, in ruwa ya sauka ya jiƙa shi sai koren ya fito sosai. Babban cocinsu na zócalo ba wani abin a zo a gani bane in ka riga ka ga na Puebla. Nasu abin alfaharin Santo Domingo de Guzmán ne, a ƙarshen titin Macedonio Alcalá da aka hana mota bi. Shi ma ciki zinare ne, kuma kana shiga in ka ɗaga kai akwai wata bishiyar zuri'a da aka yi a rufi, rassa na fita mutane na leƙowa daga ciki. Ya yi kyau, amma in aka ce in zaɓa tsakaninsa da Rosario, na Puebla zan ɗauka ba gardama.

Inda Oaxaca ta fara yin gaba shine ginin da ke manne da cocin. Gidan zuhudu ne da sojoji suka mayar bariki sama da shekara ɗari, yanzu gidan tarihi ne, kuma a nan aka ajiye kayan da mai binciken tarihi Alfonso Caso ya tono a Janairun 1932 a kabari na 7 na Monte Albán, tsohon birnin da ke kan dutse kusa da garin, sama da guda 400, sarƙoƙin zinare, ƙasusuwa da aka yi wa zane sirara kamar da allura, da wani ƙoƙon kan mutum da aka manna wa shuɗayen duwatsu. Ka fara zuwa nan ko ka fara hawa dutsen, duk ɗaya, amma ka haɗa su biyun. Ta tagogin benen kana hango lambun da ke baya, cike da tsirran jihar, wasu irin ƙyarana dogaye sun fi mutum uku tsawo.

Monte Albán shine dalilin zuwa Oaxaca, in ka je baka hau ba toh an yi ba a yi ba. Wajen kilomita 10 ne daga gari. Mutanen Zapotec ne suka sare kan dutse suka baje shi tun wajen shekara 500 kafin haihuwar Annabi Isa, ba ƙarfe ba jaki ba doki, suka yi fili mai tsawon mita 300 suka kewaye shi da dakali-dakali na dutse da matakala, suka zauna sama da shekara dubu kafin a watse. Akwai wasu allunan dutse da aka zana mutane tsirara a karkace, da an ɗauka rawa suke har aka sa musu suna Danzantes, yanzu masana sun fi karkata ga cewa fursunonin yaƙi ne da aka kashe. Na isa ana buɗe ƙofa, na hau dakalin kudu na zauna, ba kowa sai iska da wasu ungulaye na shawagi a ƙasa da ni, a ƙasa fa, kwari uku sun buɗe ta kowane gefe. Ƙarfe sha ɗaya na yi motocin 'yan yawon buɗe ido suka fara sauke mutane rana kuma ta buɗe, ba inuwa a wajen ko ta sisi, ka riƙe hula da ruwa. Dalar Cholula ta fi girma a lissafi amma yawancinta na binne a ƙarƙashin ciyawa, a nan kuwa birni ne kake tafiya a cikinsa.

Sai hanyar gabas. Akwai bishiyar Tule da kaurin gindinta ya kai wajen mita 42 in an zagaya, duk kukar da ka sani ƙanwarta ce, minti goma sha biyar ya isa. Akwai Mitla wajen kilomita 45, bangon da aka jera ƙananan duwatsu dubbai aka fitar da zane kamar aikin hula, ba siminti ba laka, kuma Sifaniyawa suka kwashi duwatsun wajen suka gina coci a kai. A tsakani akwai Teotitlán del Valle, ƙauyen masaƙa, nan ne na ji kamar ina Ƙofar Mata. Da baba suke rina shuɗi kamar mu. Ja kuma da wani ƙwaro ne ɗan mitsitsi da ke manne a jikin cactus, wani tsiro mai ƙaya, wata mata ta ɗauko busasshe guda ta murje min a tafin hannu ya zama ja kamar jini, ta matsa lemon tsami ya koma ruwan goro, ta barbaɗa wani farin gari ya koma shunayya, duk a hannuna cikin minti ɗaya. Wannan ƙwaron da suke kira grana cochinilla, bayan azurfa shine abin da ya fi kawo wa Sifen kuɗi daga ƙasar a zamanin mulkin mallaka, da kuɗinsa aka gina manyan gidajen dutsen da kake gani a Oaxaca. Ta kudu kuma akwai Cuilapam, wani ƙaton coci da ba a taɓa gamawa ba yana tsaye ba rufi, a nan aka harbe Vicente Guerrero a 1831, shugaban da ya soke bauta a 1829.

Kuskuren da na yi kar ka maimaita. Na biya wata ƙaramar bas ta yawo da ta yi alƙawarin wuri biyar a yini ɗaya, aka yi ta kora mu kamar awaki, Mitla da na fi so minti arba'in aka bamu, amma a wajen da ake dafa giyarsu ta mezcal aka shanya mu sama da awa ina zaune a kan benci ina kallon jaki na juya dutsen niƙa. Gara ku haɗa kuɗi ku ɗauki tasi na yini, ko ka bi motocin haya na ƙauye ka zaɓi wuri biyu kawai. In Lahadi ta same ka a can ka haɗa da kasuwar Tlacolula, mata da rawani da kwanduna ana ciniki da yaren Zapotec, talotalo a rataye a hammata. Jihar nan ƙabilun asali goma sha shida gare ta, kuma Juárez ɗin da na ambata ɗazu ɗan nan ne, Bazapote ne daga ƙauyen Guelatao da ya shigo gari yana ɗan shekara 12 ko Sifaniyanci bai iya ba, gidan da ya zauna yana nan an mayar da shi ɗan ƙaramin gidan tarihi.

Abinci kuma, a nan sai an yi hattara a duka biyun. Matsalar ba naman alade da kake gani bane, kitsensa ne da baka gani, da shi ake soya wake, da shi ake haɗa miya da yawa har mole ɗin da Puebla ke taƙama da shi. Ka haddace kalmomi uku, puerco alade, manteca kitsensa, res naman sa, ka riƙa cewa sin manteca. A Puebla akwai tarko mai suna tacos árabes, sunan zai ja ka, kuma da gaske baƙi daga Gabas ta Tsakiya ne suka kawo shi, yana juyawa a tsaye kamar shawarma, amma yau da alade ake yi. A Oaxaca tarkon tlayuda ne, wata faffaɗar waina ta masara da ake fara shafa mata wani kitsen alade da suke kira asiento kafin a zuba komai, ni ta farko har an miƙo min na ga ana shafa wa ta mai bi na, na tambaya, na biya na bar ta a nan. Ka ce sin asiento tun kafin a ɗora. Duk da haka cikina ya fi sakewa a Oaxaca. A kasuwar 20 de Noviembre akwai wani lungu da hayaƙi ya turnuƙe, tukuba ce a jere hagu da dama, ka nuna tasajo, naman sa ne da aka yanka fale-fale kamar za a yi kilishi, sai dai a kan waya ɗaya ake gasa shi da na alade, kuma maganar yanka kowa ya san inda ya tsaya, wanda bai yarda ba ga kifi ga ƙwai ga cukunsu mai warwarewa kamar zare. Ga kuma fara, eh fara dai tamu, soyayya da yaji da lemon tsami a cikin manyan kwanduna, chapulines suke ce mata, Turawa na ta yatsina fuska suna ɗaukar hoto ni kuwa na sa aka auna min gwangwani biyu, mai sayarwar har ta kira maƙwabciyarta ta zo ta gani. Zoɓo ma na nan ko'ina da sunan jamaica, da ruwan tsamiya. Masallaci kam ban ci karo da shi a tsakiyar ko ɗaya ba, a ɗaki na yi ta sallolina, ka tafi da dardumarka da manhajar alƙibla.

Lokacin zuwa kusan kamar namu ne, damina daga Yuni zuwa Satumba ko Oktoba ruwan yamma, rani daga Nuwamba, Disamba da Janairu da dare akwai sanyi musamman Puebla. Oaxaca na cika maƙil a ƙarshen Yuli lokacin bikin Guelaguetza da kuma farkon Nuwamba lokacin bikin tunawa da matattu, kuɗin ɗaki ya ninka, in ba don bikin zaka ba ka kauce. Ko ba biki ma na ga masauki a tsakiyar Oaxaca ya fi tsada saboda baƙi sun yi mata yawa, Puebla kuwa yawancin masu yawon 'yan ƙasar ne. Wani abu kuma, Oaxaca garin zanga-zanga ne, malaman makaranta kan kafa tantuna a zócalo ko a tare hanya, in jirginka na gobe ne kar ka kwana a can ka dogara da bas. Gidajen tarihi da yawa a garuruwan biyu ba sa buɗewa ran Litinin, ka lissafa da wannan. Biza kuwa, mai bizar Amurka ko Kanada ko Ingila ko Japan ko ta Schengen da ba ta ƙare ba ana barinsa ya shiga ba sai ya nemi ta Meksiko ba, amma irin wannan doka tana canzawa, ka tabbatar a ofishin jakadancinsu kafin ka yanki tikiti.

Abin da na ce wa ƙanin nawa shine, da kwana huɗu Puebla zaka, ba wani dogon tunani. Ran farko zócalo da laburare da Rosario, na biyu Cholula tun asuba, na uku Santa Rosa da Amparo da titin alawa, na huɗu ka koma birnin Meksiko a nutse ka kama jirginka. Wanda ya samu kwana biyar cikakku ban da hanya, ko wanda coci ba ya cikin lissafinsa, ko wanda abin da ya fi so shine ya ga mutanen ƙasar da abin da suka gina kafin Bature ya zo, ya wuce Oaxaca. Mai sati guda da ɗoriya kuma ba sai ya zaɓa ba, ai hanyar Oaxaca ta Puebla take bi, kwana biyu a nan sai ya hau bas na awa huɗu da rabi zuwa biyar ya ƙarasa, ya dawo ta jirgi. Ni in Allah ya sake bani dama Oaxaca zan koma, ko don in zauna a Mitla yadda raina ke so. Yaron dai ya ce ya ji, jiya kuma sai ga saƙonsa wai Yaya farar nan gwangwani nawa ne, ina jin hutun nasa zai ƙara kwana.